A Tuna da Ƙananan Shagunan Littattafai da Masu Shigarsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi magana a kan ƙananan shagunan sayar da littattafai, waɗanda mutum ɗaya ko iyali guda ke riƙe da su da guminsu. Shafukan adabi na jaridu sun fi karkata ga littafin da ya ci gasa ko wanda ya yi kasuwa. Shagon da ya ajiye littafin da mutum biyu-uku kaɗai ke nema ba a cika tunawa da shi ba, alhali waɗannan mutum biyu-ukun sun fi kowa buƙatarsa.

A kowace al'umma akwai wanda ke zaune cikin 'yan uwa, ana hira ana dariya, amma hankalinsa na can wani waje. Tambayoyin da ke hana shi barci ba su damun kowa. In ya furta, a ce ya cika tsaurin ido ko karatu ya juya masa kai, har ya wayi gari ya zama saniyar ware a gidansu. Abin da yake nema kawai shi ne shaidar cewa wani ɗan Adam ya taɓa yin irin tunaninsa, har ya zauna ya rubuta. Sau da yawa a ƙaramin shago ake samun wannan shaida, domin mai shagon da kansa ya zaɓi abin da ya jera, kuma yakan ɗauko littafin da manyan kamfanoni suka ƙi saboda ya saɓa wa abin da jama'a suka saba ji.

Dubi abin da Lewis Michaux ya yi a unguwar Harlem ta birnin New York. A shekarun 1930 ya fara sayar da littattafan da suka shafi baƙar fata da tarihin Afirka, a lokacin da ake yaɗa cewa baƙin mutum ba ya karatu. Wanda ba shi da kuɗin saye yakan zauna ya karanta a ciki. A ƙofar shagon nan Malcolm X, fitaccen mai fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya riƙa yi wa jama'a jawabi, kuma shagon ya rayu har zuwa 1974. Ka yi tunanin matashin da makaranta ta koya masa cewa kakanninsa ba su da tarihi, sai ga shi tsaye gaban kantoci cike da tarihin nasu! A Landan ma, John La Rose da Sarah White sun kafa New Beacon Books, mai buga littattafai da sayar da su, a 1966, domin 'yan Afirka da 'yan yankin Karibiyan da ke zaune a Ingila su sami rubutun mutanensu.

Wannan sana'a tana da haɗari. A 1957 aka gurfanar da Lawrence Ferlinghetti, mai shagon City Lights na San Francisco, gaban kotu bisa zargin buga waƙoƙin batsa, alƙali kuma ya wanke shi. A 2015 mutum biyar masu alaƙa da shagon Causeway Bay Books na Hong Kong suka yi ɓatan dabo, daga baya aka gano suna hannun hukumomin Sin, saboda littattafan da ke sukar shugabannin ƙasar.

Ba ina cewa duk littafin da ya ƙalubalanci al'ada gaskiya ce a cikinsa ba. Akwai na shirme, akwai waɗanda ni kaina ba na yarda da ko shafi ɗaya nasu. Amma na fi son matashi mai tambaya ya haɗu da irin waɗannan ra'ayoyi a wurin da akwai babba mai ilimi da zai ce masa, "Ka karanta wannan, to ga wanda ya yi masa raddi," a kan ya haɗu da su shi kaɗai cikin dare a wayarsa. Manhajojin saye ta intanet abin da ka riga ka so suke ƙara turo maka, don haka mai jin haushin duniya sai ya ƙara nutsewa cikin haushinsa. Mai shago kuwa yana kallon fuskarka, yana iya musu da kai, yana iya haɗa ka da wani mai zuwa neman irin abin da kake nema.

Kuɗin haya da rangwamen manyan dillalai ne ke kashe waɗannan shaguna. Faransa ta gane haka tun 1981, ta yi dokar da ta ce maɗaba'a ce ke yanke farashin sabon littafi, kuma ba mai rage fiye da kashi 5 cikin 100. Birtaniya ta yi watsi da irin wannan tsari nata a shekarun 1990, ƙananan shaguna da yawa kuma suka rufe bayan haka.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne a ware wani gefe na shafin adabi, ko da sau ɗaya a wata, a tattauna da masu irin waɗannan shaguna, a tambaye su littattafan da suke ajiyewa duk da ba sa tafiya da sauri, da dalilin ajiye su. A kuma riƙa sharhin littattafan ƙananan maɗaba'u, har da waɗanda mai sharhin bai yarda da su ba, ya faɗi hujjarsa a fili.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai bibiyar shafin adabi