Kira ga masu koyar da rubuta manhaja a Kaduna: a nuna wa yara yadda ake bincikar aikin gini

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu koya wa matasanmu rubuta manhaja a garin Kaduna. Sana'ata ke nan, kuma a ɗan ofishinmu da ke Unguwar Rimi muna karɓar ɗalibai masu zuwa sanin makamar aiki, da waɗanda suka gama gajerun kwasa-kwasai suna neman inda za su goge. Yaran nan suna da ƙwazo, wasunsu ma sun fi mu saurin kama sabon yaren kwamfuta. Sai dai akwai giɓi guda da nake gani a wurin kusan kowannensu. Yaro ya iya rubuta kod, wato umarnonin da kwamfuta ke bi, ya iya danna maɓallin gini, wato haɗa kod ɗin ya zama manhaja, amma abin da ke faruwa tsakanin dannawar da fitowar manhajar duhu ne a wurinsa. In gini ya yi kyau, madalla. In ya ƙi, sai ya goge komai ya sake daga farko, in ya sake ƙi, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya zauna yana addu'a.

Saboda mai karatun da ba sana'arsa ba ce, bari in ɗan yi bayani. Manhajar da ke cikin wayarka daga fayiloli ɗaruruwa ko dubbai aka haɗa ta. Wasu mutum ne ya rubuta, wasu aro aka yi daga laburaren wasu, wato tarin kod da suka riga suka rubuta, wasu kuma na'ura ce ke samar da su a lokacin haɗawar. Akwai wata manhaja ta daban da aikinta shi ne ta san wanne za a fara sarrafawa, wanne zai jira wanne, wanne kuma ba ya bukatar a sake taɓa shi. Ita ce nake kira magini. Mafi daɗewa cikin waɗanda har yau ake amfani da su shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a Bell Labs a 1976. Masu yin manhajar Android da Gradle suke aiki ko sun sani ko ba su sani ba. Akwai Ninja, wanda aka ƙirƙira don saurin gina Chrome. Akwai kuma Bazel, wanda Google suka saki ga kowa a 2015 daga nasu na cikin gida mai suna Blaze, sigarsa ta 1.0 ta fito a Oktoban 2019. Da shi muke aiki, don haka da shi zan ba da misali.

Wanda ya taɓa ba da aikin injin markaɗe a Panteka ya san ba hannu ɗaya ke yin sa ba. Wani ya yanka ƙarfe, wani ya lanƙwasa, wani ya yi walda, wani ya ɗaura inji, mai fenti ya zo a ƙarshe. Mai walda ba zai fara ba sai mai yanka ya gama. In injin ya zo gida yana girgiza, mai hankali ba ya cewa a narkar da shi a sake. Yakan bi layi ya tambaya wa ya yi wannan ɓangaren, da wane ƙarfe, a kan wane awo. To haka magini yake rarraba aiki. Kowane ƙaramin aiki yana da abubuwan da yake karɓa, da umarnin da ake bayarwa, da abin da yake fitarwa, kuma abin da wannan ya fitar shi ne wancan zai karɓa. In aka zana wannan sarƙa duka a takarda, ita ce taswirar dogaro. Abin da nake so yaranmu su sani shi ne wannan taswira ba a ɓoye take ba. Ana iya yi mata tambaya ta ba da amsa.

Bazel yana aiki ne hawa uku. Da farko yakan karanta fayilolin BUILD, inda mai manhaja ya rubuta cewa wannan ya dogara da wancan. Sannan ya yi nazari: ya duba wace irin na'ura ake gina wa, da waɗanne zaɓuɓɓuka aka ba shi, ya fitar da jerin ainihin ayyukan da za a yi. Sai a hawa na uku yake aiwatarwa. Umarnin query yana amsa tambaya a kan hawa na farko, wato abin da aka rubuta. Da shi za ka tambayi duk abin da manhajarka ta dogara da shi ta hanyar deps, ko duk wanda ya dogara da wani laburare ta hanyar rdeps, ko kuma ka ce da somepath ya nuna maka ta wace hanya wani laburaren da ba ka san da zamansa ba ya shigo. Umarnin cquery yana amsawa bayan an yi la'akari da zaɓuɓɓuka. Na ukun, aquery, shi ne wanda ba kasafai nake samun yaron da ya taɓa jin sunansa ba, kuma a ganina shi ya fi amfani ranar da abu ya rikice. Shi yake buɗe jerin ayyukan kansu: ga irin aikin, ga fayilolin da zai karɓa ɗaya bayan ɗaya, ga cikakken layin umarnin da za a miƙa wa kwamfaila (manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura), ga abin da zai fitar. Kuma duk wannan ba tare da ya gina komai ba, domin a hawa na biyu yake tsayawa.

Wata ɗaliba da ke tare da mu ta yi ta fama da wani aiki da aka rubuta da yaren C++. Ko waƙafi ta gyara ta adana a Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin gyare-gyaren kod, sai ginin ya koma kusan daga tushe, fankar laftof tana ihu, batir yana zuba, ga wuta babu tabbas. Ta riga ta yanke hukuncin cewa kwamfutarta ce ta tsufa, har ta fara tambayar farashin wata. Na ce mata, ƙanwata, kafin ki kashe kuɗin da ba ki da su, tambayi maginin. A cikin aikin akwai wani ɗan fayil mai suna version.h da ake samarwa lokacin gini, yana ɗauke da lambar adanawar ƙarshe ta Git. Ta rubuta

bazel aquery 'inputs(".*version.h", deps(//app:app))'

sai ga jerin ayyuka yana ta gangarowa, shafi bayan shafi. Ashe wanda ya fara aikin ya saka ɗan fayil ɗin nan a cikin wani babban fayil na gama-gari da kowane sashe ke janyowa. Bazel yana yanke shawarar sake aiki ne ta duba ko abin da aikin ke karɓa ko umarninsa ya canza. Lambar Git kuwa tana canzawa a kowace adanawa, don haka duk wanda ya janyo ta dole a sake shi. Maginin bai yi laifi ba, abin da aka gaya masa ya bi. Ta cire fayil ɗin daga na gama-gari, ta ba shi ɗan laburarensa shi kaɗai wanda wuri ɗaya ne ke kira, aka wuce wurin. Abin da ya fi faranta min rai shi ne ita da kanta ta ga dalilin a allo, ba cewa aka yi ta yarda da maganar babba ba.

Wani abin da ke yawan faruwa shi ne yaro ya rantse cewa ya kunna wani zaɓi, alhali zaɓin bai taɓa isa wurin kwamfaila ba. A Bazel, in ba ka faɗi komai ba, yanayin da ake kira fastbuild yake ɗauka, wanda ke gaggauta gini amma ba ya gyara kod don ya yi gudu. Sai ka ce -c opt sannan yake ƙara -O2, zaɓin da ke sa kod gudu, da -DNDEBUG. Mutum zai gwada manhajarsa ya ga tana jan ƙafa, ya kama sake rubuta kod ɗin da ba shi da matsala. Da ya nemi aquery ya tace masa ayyukan harhaɗawa kawai, da mnemonic("CppCompile", ...) ga masu C++ ko "Javac" ga masu Java, da ya ga layin umarnin a fili, ya ga babu -O2 a ciki. Sharaɗi ɗaya ne: a ba aquery irin zaɓuɓɓukan da aka ba umarnin gini daidai, in ba haka ba taswirar wani ginin daban zai nuna maka. Ana kuma iya fitar da amsar a tsarin textproto ko jsonproto a ajiye, a sake fitarwa bayan an sabunta kayan aiki, a kwatanta biyun. A ma'ajiyar kod ta Bazel akwai ɗan kayan aiki mai suna aquery_differ da aka yi don wannan kwatancen.

A gaya wa ɗalibai iyakar aquery kuma. Abin da aka shirya yi aquery yake nunawa. Wanda yake son sanin dalilin da ya sa aka sake wani aiki a ginin da ya gabata, sai ya yi gini da --explain, wanda ke rubuta dalilan a fayil. Kuma duk aikin da aka dunƙule a cikin rubutun umarni guda, aquery zai nuna shi a matsayin aiki ɗaya, sai mutum ya buɗe rubutun ya karanta da idonsa.

Na san wani malamin zai ce ai yaranmu ba Bazel suke amfani da shi ba. Gaskiya ne, yawancinsu Android Studio ne ko Flutter. Amma kowane magini yana da ƙofar tambaya. A Make, make -n yana buga umarnonin da zai bayar ba tare da ya aiwatar ba. A Ninja akwai -t commands da -t query, kuma -d explain yana faɗin dalilin sake kowane fayil. A Gradle, --dry-run yana jero ayyukan bi da bi, --info kuma yana faɗin abin da ya sa bai ɗauki wani aiki a matsayin gamamme ba. Tambayoyin iri ɗaya ne ko'ina: wane aiki ya haifi wannan fayil, me ya karɓa, da wane umarni, me ya sa aka sake shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma ya wuce batun batir da data. Ɓarayin zamani sun gane cewa mutane suna karanta kod amma ba sa karanta gini. A ƙarshen 2020 aka gano an kutsa cikin tsarin ginin kamfanin SolarWinds na Amurka, ana sauya wani fayil a daidai lokacin da ake harhaɗa manhajarsu ta Orion, sannan a mayar da na asali. Kamfanin ya ce abokan cinikinsa kusan 18,000 ne suka sauke gurɓatacciyar sigar. A ranar 29 ga Maris 2024 kuma, wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar da ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, da aka dasa a xz, ɗan kayan matse fayil da ke cikin kusan kowace na'urar Linux, a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. An ɓoye gubar a cikin fayilolin gwaji, aka kuma saka abin da zai zaro ta ya cusa ta a cikin rubutun gini na ƙunshin da ake rabawa. Freund ya gano ne don ya lura shiga ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, tana cin ƙarfin na'ura fiye da kima, da jinkirin kusan rabin daƙiƙa, kuma ya ƙi kau da kai. Ba da Bazel ake gina xz ba, kuma ba ina cewa umarni ɗaya zai kama irin wannan makirci ba. Amma yaran da muke horarwa yau su ne gobe za su riƙe manhajar asibiti, ta biyan albashi, ta karɓar haraji. Wanda bai saba tambayar me fayil ɗin gwaji yake yi a cikin kayan da aikin haɗawa ke karɓa ba, ba ranar da aka kawo hari zai fara ba.

Don haka ina kira ga malamanmu na kimiyyar kwamfuta a Kaduna da Zariya, da cibiyoyin horar da matasa na cikin gari, da masu jagorantar ɗaliban shirin 3MTT na gwamnatin tarayya mai horar da matasa fasahar zamani, su ware wa wannan darasi ko da mako guda ne. Ba ya bukatar sabon ɗakin kwamfuta. Tunda aquery ba ya gina komai, laftof mai rauni ma tana ɗauka, illa dai karon farko yakan sauke kayan da aikin ya dogara da su, wannan kuwa malami zai iya yi sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi. A ba ɗalibi ƙaramin aiki mai sassa biyar ko shida, a nuna masa fayil ɗaya cikin abin da gini ya fitar, a ce ya kawo aikin da ya samar da shi da duk abin da ya karɓa. A canza layi ɗaya, a ce ya faɗi waɗanne ayyuka za a sake kafin ya danna gini, sannan ya gina ya ga ko ya yi daidai. In ya zana taswirar da hannu a takarda ma ya fi. A saka irin wannan tambaya a jarrabawa, domin mun san ɗalibanmu, abin da ba ya fitowa a jarrabawa ba a cika karanta shi ba.

Mu masu ɗaukar aiki kuma muna da namu kason. In matashi ya zo neman aiki, a daina tsayawa ga tambayarsa yare nawa ya iya. A ajiye masa ginin da ya lalace, a hana shi goge komai, a ga ta ina zai fara.

Na gode, Malam Edita, da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, Ya kuma sa wa sana'ar yaranmu albarka.

Naka,
Mai rubuta manhaja,
Unguwar Rimi, Kaduna.