Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kano: Kada a Buɗe Gidan Tarihin Kurmawa Babu 'Yan Sawaba

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi maka jagora a kan wannan nauyi da ke wuyanka.

Ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da ya fito daga gwamnatinka a 2025, cewa ana shirin kwashe fursunonin gidan yarin Kurmawa zuwa Janguza, a mayar da tsohon ginin gidan tarihi. Shawara ce mai kyau, kuma na yi murna da ita. Sai dai ina da fargaba guda. Ina tsoron a shafe bango da fenti, a jera ankwa da mari a cikin gilashi, a rataya hoton Lugard, a rubuta cewa nan ne Turawan mulkin mallaka suke tsare mutane, a yanka ƙyalle a watse. In aka tsaya nan, an faɗi rabin gaskiya an binne rabi.

Kurmawa gidan yarin En'e ne, wato hukumar gargajiya da ke ƙarƙashin sarki. Bature ya ci Kano da yaƙi a 1903, amma bai zo da ma'aikatan da za su riƙe ƙasa mai faɗin wannan ba. Razdan, Baturen da ke kula da lardi, yana Nassarawa, Di'o, na ƙasa da shi, yana zagaya gundumomi a kan doki ko a mota, sauran aikin kuwa, karɓar haraji da jangali, shari'a, kamu da ɗauri, duk a hannun En'e aka bar shi. Talakan ƙauye yana iya shekara bai ga Bature ido da ido ba. Wanda yake gani kullum shi ne dagaci, hakimi, ɗan doka, dogari da alƙali. Saboda haka duk wanda ya tashi yaƙar mulkin mallaka a nan, kafin hannunsa ya kai ga Razdan sai ya fara cin karo da En'e. Wannan shi ya bambanta gwagwarmayar Kano da ta Legas, shi kuma ya sa har yau maganarta take da nauyi a baki, domin wanda ya ɗaure da wanda aka ɗaure duk 'yan gida ne, jikokinsu suna sallah a sahu ɗaya.

Wutar ba a Kano kaɗai ta kama ba. A 1945 ma'aikata suka yi yajin aikin gama-gari na sama da wata guda, Michael Imoudu yana gaba. A 1946 matasa masu zafin ra'ayi suka kafa ƙungiyar Zikist a Legas, a wannan shekarar kuma aka kafa ƙungiyar siyasa ta NEPA a nan Kano, wadda Raji Abdallah, ma'aikacin gidan waya ɗan ƙasar Ibira, yake cikin jagororinta. Hukuma ba ta bar ta ta yi tsawon rai ba. Raji Abdallah ya zama shugaban Zikist, aka kuma ɗaure shi bisa zargin tunzura jama'a. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wa masu haƙar kwal wuta a Iva Valley ta Inugu, mutum 21 suka mutu, garuruwan Gabas suka rikice. Watanni kaɗan bayan haka, a 1950, aka haramta Zikist baki ɗaya. A cikin wannan yanayi ne, ranar 8 ga Agusta 1950, mutum takwas suka zauna a Kano suka kafa NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba, cikinsu har da Abba Maikwaru, Bello Ijumu, Magaji Dambatta, Mudi Sipikin da Maitama Sule, wanda daga baya ya koma NPC, jam'iyyar da ta mulki Arewa. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Maru a lokacin. Ya ajiye aiki a ƙarshen shekarar, ya karɓi shugabancin jam'iyyar a 1953. A bayansu duka akwai Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda tun farkon shekarun 1940 yake tara matasa ana muhawara kan mulkin En'e, ciwo yana cin sa amma alƙalaminsa bai huta ba har ya rasu a 1958.

A 1952 NEPU ta fitar da sanarwar manufofinta ta Sawaba. Abin da ke ciki bai da kwana-kwana: akwai masu cin moriyar tsarin En'e, akwai talakawa, muradunsu sun saɓa, kuma babu mai 'yantar da talaka sai talaka da kansa. A Arewar wancan zamani, inda mutum yake tuɓe takalmi tun daga nesa ya faɗi ya yi gaisuwa in hakimi zai wuce, wannan magana ba ƙaramar magana ba ce. Masu faɗarta kuma ba baƙi ba ne. Malam Aminu ɗan gidan alƙalai ne, jinin Genawa, ya san littattafan da ake kafa hujja da su a kotu, shi ya sa ya iya tsayawa ya ce abin da ake yi wa talaka ba shari'a ba ne, son rai ne aka yi wa rawani.

Ina so gidan tarihin ya nuna wa yaranmu yadda aka yi zaɓen 1951, domin yawancinsu sun ɗauka tun fil'azal ƙuri'a ake jefawa a akwati. Hawa-hawa aka yi shi. Masu biyan haraji su zaɓi wakilai a unguwa ko ƙauye, waɗannan su zaɓi na gunduma, a haka har a kai majalisar ƙarshe ta lardi, wadda ita ce za ta tura mutane Kaduna. A matakin farko 'yan NEPU suka yi rawar gani a birnin Kano. Amma doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, ba tare da kowa ya zaɓe su ba. Da aka gama tacewa, NEPU ba ta samu ko kujera ɗaya a Majalisar Arewa ba. Mata kuwa ba a ma sa su a lissafi ba. Macen Arewa ba ta samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976, shekara goma sha shida bayan an saukar da tutar Ingila.

Sai kuma maganar lacca, wadda ita ce ta fi cika gidan yari. Ba a taron siyasa sai da izini, izinin kuma a hannun En'e yake, wato a hannun waɗanda za a yi laccar a kansu. In an nema a hana. In an yi ba izini 'yan doka su dira da kulake. In an samu izinin ma, akwai mai rubuta abin da aka faɗa, washegari a kai mai magana gaban alƙali da laifin zagin sarki ko tayar da hankali. Babu lauya a kotun alƙali. Kafin azahar an yanke hukunci, wata uku, wata shida, wani lokaci har da bulala a bainar jama'a. Wanda ya tsira daga wannan sai ya tarar an ninka masa haraji, ko an ƙwace masa rumfa a kasuwa, ko an ce gonar da yake nomawa ba tasa ba ce. Daga 1953 kuma ga 'Yan Mahaukata, 'yan daban da aka tanada don tarwatsa taron NEPU. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta shiga jam'iyyar tana 'yar shekara goma sha bakwai, ta zo Kano daga Zariya tana shiga gidaje tana yi wa matan kulle bayani. Aka kama ta tare da ɗimbin mata saboda taro ba izini, aka ɗaure ta, daga baya aka ce ta bar Kano. An ce sau goma sha shida tana shiga gidan yari a rayuwarta.

Ita an san sunanta, akwai asibiti a Zariya da ke ɗauke da shi. Malam Aminu kuwa sunansa yana kan filin jirgin sama, yana kan asibitin koyarwa, gidansa na Mambayya a Gwammaja ya zama cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Alhamdulillahi. Amma NEPU ba manyanta ne suka fi shan bulala ba. Teloli ne, mahauta, 'yan koli, marina, masu gyaran keke, direbobi, almajirai, manoman Ringim da Bichi da Gaya. A unguwarmu akwai wani tsohon tela, Allah Ya jiƙansa, da yake ajiye katinsa mai alamar tauraro a cikin akwatin keken ɗinkinsa, a naɗe cikin ƙyalle. In hira ta yi daɗi yakan ɗaga riga ya nuna mana tabon bayansa, ya lissafa sunayen waɗanda aka ɗaure su tare, kowa da sana'arsa da garinsu. Da ya rasu, sunayen suka bi shi. Babu wanda ya taɓa zuwa da rikoda ya zauna da shi.

Ba na neman a mayar da gidan tarihin wurin cin mutuncin sarauta, ko a nuna 'yan NEPU waliyyai ne. Su ma suna da 'yan ta-kife, kuma bakin wasunsu a kan dandamali bai san girman kowa ba. 'Yan NPC ma suna da hujjarsu: suna ganin Arewa ta yi baya a ilmin boko, in aka yi gaggawa 'yan Kudu za su mamaye komai. Wannan saɓani ne ya fashe a 1953, lokacin da Anthony Enahoro, ɗan majalisa daga Kudu, ya kawo ƙudurin neman a ba Nijeriya mulkin kai in 1956 ta zo, Sardauna ya ce a bari sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas. Da tawagar jam'iyyar AG ta 'yan Kudu ƙarƙashin Akintola ta shirya taro a Kano, rikici ya ɓarke ranar 16 ga Mayu, aka kwana huɗu ana faɗa tsakanin Fagge da Sabon Gari, mutane da dama suka mutu, talakawa ne a kowane ɓangare. Wannan ma tarihin Kano ne, a saka shi yadda ya faru. Bature kuma kada ya fita salin alin. Shi ya tsara dokar, shi ke duba littattafan kotu, shi ke da ikon soke hukunci, kuma sau da yawa ya ga dama ya kau da kai, domin En'e mai ƙarfi ta fi masa sauƙin sha'ani fiye da talaka mai tambaya.

Ranka ya daɗe, na san wannan magana tana da ƙaiƙayi, musamman a wannan lokaci da batun masarauta yake da zafi a Kano. Amma kusan duk ɗan siyasar jihar nan, na jam'iyyarka da na adawa, in ya hau mumbari cewa yake shi magajin Malam Aminu ne. To, mai cin gado ai shi ke biyan bashin mamaci. Bashin kuma bai tsufa ba. A watan Nuwamba 2024 duniya ta ga yaran da aka kama lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da yawansu 'yan Kano, suna yanke jiki suna faɗuwa a wata kotu a Abuja bayan watanni a tsare. Wanda ya san tarihin izinin lacca ba zai kalli wannan hoto a matsayin sabon abu ba.

Ga abin da nake roƙo. Kafin a ba ɗan kwangila aikin gini, a fara ba masana tarihi aikin takarda. A tura su Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, su binciko rahotannin Razdan, da littattafan kotunan alƙalai, da duk rajistar fursunonin En'e da gara ta bari, da tsofaffin kofen jaridar Comet da Gaskiya Ta Fi Kwabo. A fitar da sunan duk wanda aka ɗaure saboda siyasa tsakanin 1950 da 1966, da garinsa, da sana'arsa, da laifin da aka ɗora masa, a rubuta a bangon ɗaya daga cikin ɗakunan, da boko da ajami. Na ce har 1966 ne da gangan, domin ɗaurin bai tsaya ranar 1 ga Oktoba 1960 ba, sai da sojoji suka zo daga baya suka raba En'e da 'yan doka da gidajen yari. A bar wannan ɗakin yadda yake, kada a sa masa tayil.

Mafi gaggawa kuma shi ne tsofaffin. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1955 yau ya kai casa'in. Kaɗan suka rage, maza da mata, na NEPU da na NPC, har da tsofaffin 'yan doka da magatakardan kotu, waɗanda su ma suna da abin faɗa. Ɗaukar muryarsu ba ya bukatar jiran kasafin kuɗin baɗi. Ɗaliban sashen tarihi na jami'o'inmu za su iya yinsa da wayar hannu da kuɗin mota, in aka haɗa su da Mambayya ta tsara aikin. Ina roƙon ka ba da umarnin a fara wannan a cikin wannan zangon karatu.

Allah Ya taimake ka, Ya ba Kano zaman lafiya.

Naka,
Wani malamin makaranta mai ritaya, daga cikin birnin Kano