Zuwa ga ɗana da ke shirin ajiye karatu saboda jita

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Nan gida kowa lafiya lau, Ummanka da ƙannenka suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, wanda ka ce kana so ka ajiye karatu na shekara guda ka bi 'yan rukuninku yawon kiɗa gari-gari. Ban kira ka ba saboda na san halinmu ni da kai, in muka fara a waya murya ke riga magana fitowa. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ba zan ɓoye maka ba, kiɗan nan naku na pank, mai ƙara da sauri irin na Turawa, bai shige ni ba. Ka kuma san abin da malamai suka faɗa a kan kiɗa, ka san yadda kunnen dangi zai ɗauki labarin cewa jikan gidan nan ya zama makaɗi a Amurka. Wannan maganar sai mun haɗu ido da ido. Yau a kan hujjarka zan tsaya, tunda da Ian MacKaye, mawaƙin pank ɗan Amurka, ka kafa min ita. Ka ce bai shiga jami'a ba, bai taɓa sa hannu da babban kamfanin faifai ba, ga shi ya haura shekara sittin yana cin abinci da waƙarsa. Na nemi labarin mutumin na karanta, kuma duk abin da ka faɗa haka yake. Sai dai rabin labarin ka ɗauko, rabin da ya fi daɗin faɗa.

A 1980, yana ɗan shekara 18 a birnin Washinton, rukuninsu mai suna Teen Idles ya watse. Abin da suka tara daga wasanninsu dala 600 ne. Da wasu yaran ne da sun raba kowa ya kama gabansa. Su kuwa sai suka buga faifai da kuɗin, kwafi 1,000, kuma a kan wannan faifan ne shi da abokinsa Jeff Nelson suka kafa kamfanin Dischord. Ba su san yadda ake yin rigar faifai ba, sai suka samo ta wani faifan Ingila suka ɓare ta a hankali, suka shimfiɗa, suka zana fasalinta a takarda. Da aka bugo musu takardun, suka zauna da almakashi da gam suna yanka, suna ninkewa, suna mannawa ɗaya bayan ɗaya. Dubbai suka yi a haka. Wasiƙun masu saye gidan iyayensa ake kai su. A shekarun nan yana aiki a shagon sayar da askirim, ya yi a gidan silima, ya yi a kantin faifai, in ya tashi aiki ya koma kan ɗaure kaya da kai su gidan waya.

Fugazi, rukunin da ya fi yin suna da shi, ya fara wasa a 1987. Ka faɗa min kuɗin shiga dala 5 suke karɓa, yaro da babba kowa ya shiga, ba sa sayar da riguna masu sunansu, kuma da manyan kamfanoni suka biyo su da tayin miliyoyi suka ƙi. Abin da ba ka tambayi kanka ba shi ne, yaya aka yi dala biyar ta ishe su? Ta ishe su ne don sun cire duk wani mai cin kamasho a tsakani. Ba manaja, ba dillalin wasa. Shi MacKaye da kansa yake zama kan waya yana neman zaure gari bayan gari, yana ciniki da masu wuri a kan kowace dala. Su ke tuƙa motarsu, su ke sauke kayansu. In wani ya tayar da faɗa a gaban dandamali, sai su tsayar da kiɗa, a miƙa masa dalarsa biyar a nuna masa ƙofa. Sun yi wasa fiye da 1,000 kafin na ƙarshe da suka yi a Landan a watan Nuwamba na 2002, kuma sun naɗi sama da 800 daga ciki. Da suka fara sa su a intanet a 2011, sai ga wasa da ranarsa, da wurinsa, da kuɗin ƙofarsa, har da yawan mutanen da suka shiga. Wani ne ya riƙa rubuta wannan dare bayan dare, shekara goma sha biyar. Kai ɗan tawaye ka hango, ni kuwa akawu na gani, akawun da ya iya jita. To a rukuninku wa ke riƙe da littafi? In ka ce ba kowa, ka ba ni amsa.

Akwai kuma abin da yake da shi wanda kai ba ka da shi. A garin haihuwarsa ya yi duk wannan, cikin abokan da suka yi sakandare tare, ɗakin mahaifiyarsa na kusa in abu ya ɓaci. Kamfanin nasa ma mawaƙan yankin Washinton yake bugawa, kuma ba ya rubuta kwantiragi da su, a yi musafaha a raba riba biyu. Hakan ya yiwu ne don sun san juna tun suna yara. Kai a jami'a ka haɗu da waɗannan abokan naka, ba mu san iyayensu ba, ba su san naka ba. Sannan bizar ɗalibi ce a fasfonka. Ranar da ka daina karatu, ranar dalilin zamanka a ƙasar ya faɗi, kuma kuɗin da za a ba ka don ka yi wasa a wani zaure aiki ne a idon hukumar shige da fice, aikin da ba a ba ka izininsa ba. Abokanka 'yan ƙasa ne, in tafiyar ta watse su koma gida su nemi aiki. Kai jirgi za ka hau. A zamaninsa kuma mutane na cire kuɗi su sayi faifai, yanzu a waya ake saurare, abin da ke isa aljihun ƙaramin mawaƙi bai taka kara ya karya ba.

Kada ka ɗauka raina shi nake yi. Abu biyu sun burge ni. Na farko, bai zama maroƙi ba. Ka san a nan yawancin mawaƙa da ubangida suke rayuwa, jiya sarki ko attajiri, yau ɗan siyasa, kuma wanda ya ba ka mota shi ke zaɓar abin da bakinka zai faɗa. Shi wannan ya riƙe waƙoƙinsa a hannunsa. A 2005 kamfanin Nike ya kwaikwayi hoton faifan tsohon rukuninsa Minor Threat a wata talla ba tare da izini ba, aka yi ca a kai, kamfanin ya janye ya ba da haƙuri. Da ya sayar da hakkinsa tun yana yaro, da ba shi da bakin magana.

Na biyun ya fi damuna, don wuraren da kuke wasa yawancinsu mashaya ne, kada ka ce min a'a. Mutumin nan tun yana matashi ya ƙi giya da ƙwaya, a cikin jama'ar da ke ganin shan su burgewa ne. Waƙarsa "Straight Edge" ta 1981, wadda ba ta kai minti ɗaya ba, a kan haka take, har sunanta ya zama sunan matasan da suka zaɓi wannan hanya. Alamar X da suke zanawa a bayan hannu asalinta alamar da masu mashaya ke sa wa yaran da shekarunsu ba su kai a sayar musu da giya ba ce, su kuma suka mayar da ita abin tinƙaho. Wanda ba a taɓa karantar da shi haramcin giya a allo ba ya iya wannan. Kai da ka sauke Alƙur'ani a gidan nan ba ka da uzuri. Kuma wasan da zai kai ku ƙarfe biyun dare, ka san me yake yi wa Asuba.

Ga abin da na yanke. Ban yarda da ajiye karatun ba. Ban kuma ce ka sayar da jitar ba. Ka yi wasanka a ƙarshen mako da lokacin dogon hutu, amma kafin ka karɓi ko sisi ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku ka tambayi abin da doka ta yarje maka. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ko da kuɗin mai ne. Duk waƙar da ka rubuta, ku zauna ku sa a takarda wa ya yi kalmomi, wa ya yi kiɗa, tun yanzu da ba a fara samun komai ba, don ba a fafe gora ranar tafiya. Takarda kuwa, kowace iri ce, kada ka sa mata hannu sai wanda ya san doka ya karanta.

Kuɗin zango mai zuwa zan turo su ƙarshen wata, ka yi rajista ka aiko min da shaida. Ka haɗo da kalmomin waƙoƙinka a rubuce, ina so in karanta su da kaina, don a cikin wancan rugugin ban tsinci ko ɗaya ba. Ummanka ba ta san da maganar ajiye karatun ba tukuna, kuma na fi so ta ji daga bakinka cewa ka fasa. Ka kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka.

Mahaifinka.