Keira Walsh da aikin 'yar tsakiya da shafin wasanninku ba ya gani

Malam Edita, assalamu alaikum, barka da aiki.

Ina da ƙorafi a kan shafinku na wasanni, kuma ba na faɗa ba ne, shawara ce daga wanda ya daɗe yana karanta ku. Duk ranar da kuka ce za ku kawo labarin ƙwallon mata, wanda dama sai an daɗe kafin ku tuna da shi, layi uku ne kawai, wance ta ci wance ta rama an tashi biyu da ɗaya, shi ke nan. Wanda bai kalli wasan ba sai ya ɗauka mutum biyu ne suka buga. To ni gaskiya abin yana damu na, don wanda ya san ƙwallo ya san a tsakiya ake cin wasa a tsakiya ake zubar da shi, kuma idan ana son misali a ƙwallon mata na yanzu ban ga wadda ta kai Keira Walsh ta Ingila ba, lamba shida, wato 'yar tsakiyar da ke tsayawa a gaban difendodi, wadda da wuya ka ga sunanta a kanun labari amma duk kocin da ya same ta ba ya son ajiye ta a benci.

Bari in ɗan ba masu karatu tarihinta tunda ku ba ku ba su ba. An haife ta a 1997 a Rochdale, wani gari ne kusa da Manchester, ta fara da ƙungiyar yara mata ta Blackburn Rovers, a 2014 ta koma Manchester City tana da shekara 17, kulob ɗin da dama shi take goyon baya tun tana ƙarama. A 2014 ɗin suka ɗauki kofin lig bayan sun doke Arsenal da ci ɗaya, a 2016 suka cinye gasar Ingila gaba ɗaya, sai kofin FA a 2017 da 2019 da 2020. A wasan ƙarshe na 2019 da West Ham a Wembley ita ce ma ta fara buɗe raga aka tashi 3-0, abin mamaki, don cin ƙwallo ba sana'arta ba ce. Shekara takwas ta yi a City ta buga musu wasa sama da 200.

Me take yi ke nan in ba ta ci? Wannan ita ce tambayar da abokan kallonmu suke yi kullum, wai ai fasin ɗin gefe kawai take bayarwa. Ku dai kalle ta na minti goma ku ƙyale inda ƙwallo take. Kafin difenda ta turo mata ƙwallo ta riga ta waiga hagu ta waiga dama ta san wa ke bayanta, sai ta karɓa jikinta a buɗe yana kallon gaba, taɓawa ɗaya ko biyu ta sake ta, in an matso ta ta mayar baya ta canza wuri a sake ba ta, har sai 'yan ɗaya ɓangaren sun gaji sun bar rata, to a nan ne za ta cilla doguwa. Kamar ɗan yalo fifa ne a mahaɗar hanya, ba shi ke tuƙi ba amma ranar da bai zo ba kowa sai ya kwana a go-sulo.

Ku tuna wasan ƙarshe na kofin Turai ranar 31 ga Yuli 2022, Ingila da Jamus a Wembley, mutum 87,192 a fili. Abin da duniya ta riƙe shi ne Ella Toone ta ɗaga ƙwallo ta saman gola a minti na 62, sai Chloe Kelly ta ci ta biyu a ƙarin lokaci ta cire riga tana gudu. To wa ya ba Toone ƙwallon? Walsh ce, tun daga cikin rabin filinsu ta ɗago kai ta raba difendodin Jamus biyu da fasin guda, Toone gudu kawai ta yi ta tarar da ita a gabanta. Masu gasar ma sun gane, ita suka ba kyautar gwarzuwar wasan ranar, ba masu cin ba. Kuma wannan shi ne babban kofi na farko da Ingila ta ɗauka, maza ko mata, tun 1966.

Abin da ya fi burge ni a labarinta shi ne shekara uku kafin wannan rana saura kaɗan ta bar ƙwallon ma gaba ɗaya. Ta fara buga wa Ingila a ƙarshen 2017, a 2018 har an ɗaura mata kyaftin a wasa da Kazakhstan tana 'yar shekara 21, sai aka je kofin duniya na 2019 a Faransa ƙarƙashin Phil Neville, Amurka ta cire su a kusa da ƙarshe 2-1, Sweden ta hana su na uku, sai 'yan soshiyal midiya suka yi mata caa, duk ƙwallon da ta ɓata sai an zage ta, ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa ta yi tunanin ajiye takalmi. Ka ga irin wannan zagin da ake wa ɗan tsakiya, asalinsa rashin fahimtar aikin ne, fasin tamanin da suka isa ba wanda ya ƙirga, guda biyun da suka ɓace su ake gani. Kuma jarida tana da hannu a ciki, in ba ku koya wa mutane abin da za su kalla ba to abin da ya fi sauƙin gani shi za su kalla. Zuwan koci Sarina Wiegman a 2021 ne ya gyara lamarin, ta gina tawagar a kanta, ita a ƙasa Georgia Stanway a gefenta tana ta zirga-zirga.

Bayan kofin Turai da 'yan makonni Barcelona ta zo ta saye ta, Satumba 2022, a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai kusan fam 400,000, wanda a lokacin ba a taɓa sayen mace 'yar ƙwallo a kansa ba a duniya. Ku tsaya ku yi tunani, Barcelona fa, gidan da 'yan tsakiya suka yi yawa, ga Aitana Bonmatí ga Patri Guijarro ga Alexia Putellas duk da ita tana jinyar gwiwa a lokacin, amma suka tsallaka Ingila, ƙasar da aka sani da a doka gaba a bi da gudu, suka kafa tarihin kuɗi a kan yarinyar da ko ƙwallo ɗaya ba ta taɓa ci wa ƙasarta ba. Wlh wannan kaɗai ya isa hujja. Ba su sayi ci ba, masu ci suna da su, har da tamu Asisat Oshoala da suka zauna tare a can kafin ta tafi Amurka a 2024. A kakarta ta farko suka ɗauki kofin zakarun Turai a Eindhoven, Wolfsburg ta sa su 2-0 kafin hutun rabin lokaci suka dawo suka ci 3-2, shekara ta gaba suka sake ɗauka a Bilbao bayan sun doke Lyon 2-0, a kakar nan kofi huɗu suka haɗa.

Kuɗin nan kuma bai daɗe yana kan gaba ba, a 2024 Racheal Kundananji ta Zambiya ta wuce shi da ta koma Bay FC, a 2025 aka kai dala miliyan ɗaya a kan Naomi Girma, difenda ce, ita ma kamar Walsh ba mai cin ƙwallo ba. In ka haɗa da na maza kam kuɗin cefane ne, na sani, amma kar a manta hukumar ƙwallon Ingila da kanta ta hana mata buga wasa a filayenta daga 1921 har kusan shekara 50, to su yanzu suka fara.

Inda labarin ya shafe mu kai tsaye shi ne kofin duniya na 2023 a Ostareliya. Ingila ta je babu Leah Williamson babu Beth Mead babu Fran Kirby, duk ciwon gwiwa, sai ga shi a wasa na biyu da Denmark ƙafar Walsh ta maƙale a ciyawa aka fitar da ita a kwance tun kafin hutu, kowa ya ce shi ke nan jijiyar gwiwa ta tsinke ita ma. Allah ya taimake ta ba ita ba ce. Amma ku duba abin da Wiegman ta yi da ba ta nan, ba wata ta ɗauko ta sa a gurbinta kawai ba, tsarin wasan gaba ɗaya ta canza ta koma difenda uku a baya a wasansu da China. Mutum ɗaya ya fita an sake fasalin mutum goma sha ɗaya. Wane mai cin ƙwallo ake yi wa haka?

Wasan da ta dawo kuwa shi ne namu, ranar 7 ga Agusta a Brisbane, Super Falcons da Ingila a zagaye na biyu, kuma ni har gobe ina cewa mun fi su wasa ranar. Ashleigh Plumptre ta doki ƙarfen raga, Uchenna Kanu ta sa kai ya sake taɓa ƙarfe, Lauren James ta Ingila ta sha jan kati a minti na 87 da ta taka Michelle Alozie, aka yi minti 120 babu ci, a fenareti suka cire mu 4-2. Rahotannin da aka yi ta bugawa a kan jan katin ne da fenaretin da Oparanozie da Alozie suka ɓarar. Amma me ya sa zakarun Turai suka kasa motsi? Saboda kocin Falcons Randy Waldrum ya san inda wutarsu take, ya cushe tsakiya, aka hana Walsh sakewa ta juyo ta kalli gaba, ga ta kuma ba ta gama warwarewa ba, aka manna wa Lauren James mutum duk inda ta sa ƙafa har ta fusata ta yi abin da ta yi. Wadda ta yi wannan aikin kuwa Halimatu Ayinde ce, haifaffiyar Kaduna, 'yar tsakiya ita ma, tare da Christy Ucheibe. Malam Edita, 'yar Kaduna ta hana tauraruwar Ingila shan ruwa a gaban duniya, jaridar Hausa ce ya kamata ta fi kowa sanin sunanta, amma je ka gidan kallo ka tambaya mutum nawa suka san ta.

Kar a ce ina yabon Walsh ne ido rufe. Ba ta da gudu sosai, in aka sa mata mutum ya bi ta ko'ina Ingila takan rikice, kuma ƙasashe sun gano hakan. A wasan ƙarshe da Sifaniya a Sydney abokan wasanta na Barcelona a lokacin sun fi ƙarfinsu a tsakiya, Olga Carmona ta ci ɗaya, ƙwallo ma ta taɓa hannun Walsh aka ba da fenareti sai dai golar Ingila Mary Earps ta kama. Ranar ba tata ba ce, a faɗi gaskiya. Ni a wajena ma wannan raunin nasu ƙarin shaida ne, ƙungiyar da ake kashe ta ta hanyar tsare mutum ɗaya ai an gaya maka waye ginshiƙinta.

A Janairun 2025 ta dawo gida ta shiga Chelsea wajen koci Sonia Bompastor, suka gama kakar da kofi uku na cikin gida ba a doke su ko sau ɗaya a lig ba, duk da Barcelona ta yi musu wulaƙanci a kusa da ƙarshen kofin zakarun Turai, 4-1 can 4-1 nan. A watan Afrilun shekarar ne ta ci wa Ingila ƙwallonta ta farko a wasa da Beljiyam, bayan ta buga wasa sama da 80, ku ji fa, sama da 80. Da ma'aunin shafinku ake aiki da tuni an kore ta. Sai kofin Turai na 2025 a Suwizalan, Faransa ta doke su 2-1 a wasan farko ita ce ma ta ci ɗayar, suka yi ta tsallake rijiya da baya, Sweden a fenareti, Italiya a ƙarin lokaci, ranar 27 ga Yuli a Basel suka rama abin da Sifaniya ta yi musu, aka tashi 1-1 suka ci 3-1 a fenareti. Kwana ɗaya kafin nan Falcons suka ɗauki kofin Afirka na goma a Rabat, Maroko ta sa su 2-0 suka farke suka ci 3-2, Ayinde tana cikin tawagar nan ma.

Na san akwai masu cewa mu ina ruwanmu da ƙwallon mata, wannan muhawara ce daban kuma kowa da ra'ayinsa da tarbiyyar gidansu, ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba. Amma tunda dai kun zaɓi ku riƙa kawo labarin to ku kawo shi yadda ya kamata, kuma maganata ta shafi na maza ma, don yaranmu da ke buga ƙwallo a filin unguwa kowa lamba tara yake so ko goma, ka ce wa yaro ya tsaya shida sai ya ga kamar ka raina shi, saboda bai taɓa ganin an buga hoton mai wannan aikin ba. Roƙona ku ware ko da rabin shafi ne a mako, ku samo wanda ya iya karanta wasa ya riƙa yi mana bayanin yadda aka ci ba wanda ya ci kaɗai ba, wa ya ƙwato ƙwallon, wa ya ba da fasin da ya buɗe hanya, koci me ya canza bayan hutu. In kuna neman inda za ku fara, ku nemi Halimatu Ayinde ku yi hira da ita, ku tambaye ta abin da aka ce ta yi a Brisbane da yadda ta yi shi.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku, mai karanta jaridarku daga Zariya.