Zuwa ga malamin da ya tambaye ni kukan me muke yi

Assalamu alaikum, Malam.

A taron makon jiya ka miƙe a bainar jama'a ka tambaye ni: tunda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce rashin aikin yi tsakanin matasan duniya ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari a 2023, mafi ƙanƙanta cikin shekara 15, kukan me muke yi? Lokaci ya ƙure ban samu na amsa maka ba.

Alƙalumanka daidai ne. Sai dai kafin a lissafa mutum cikin marasa aiki, dole ya kasance yana neman aikin. Wanda ya gaji, ya tura takardunsa ƙarƙashin katifa, ya fita daga lissafin ke nan. A rahoton nan da ka karanto, an ce cikin kowane matasa biyar masu shekara 15 zuwa 24, ɗaya ba ya aiki, ba ya karatu, ba ya koyon sana'a. Biyu bisa ukunsu mata ne, da yawa raino da jinya da aikin gida suka riƙe su.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne daɗewar zaman. Ina da wani tsohon ɗalibi, yaro mai kaifin basira. Wata shida yana aika takardun neman aiki, shiru kake ji. Sai ya daina. Barci ya koma har rana tsaka, abokan da ke tsegunta masa inda ake ɗaukar ma'aikata suka yi gaba, abin da ya iya a kwamfuta ya fara tsatsa. Da aka kira shi ganawa bayan shekara biyu, tambayar farko ita ce: me kake yi tun da ka gama? Ya sunkuyar da kai. Aka ɗauki wanda ya gama bara.

Saboda irin wannan ne Tarayyar Turai ta yi alkawari a 2013 cewa duk matashin da bai kai shekara 25 ba, cikin wata huɗu da barin makaranta ko rasa aiki za a yi masa tayin aiki, ko ƙarin karatu, ko koyon sana'a. A 2020 aka faɗaɗa shi zuwa 'yan ƙasa da 30. Ba ko'ina aka cika alkawarin ba, amma wata huɗun nan sun yi tunani a kansa, don sun san tun yaro bai saba da zama ba ake kamo shi.

Ɗalibin nan har yau yana gida, Malam, kuma ba ya cikin kashi 13 ɗinka.

Na gode, a huta lafiya.