Daga Alƙahira zuwa ga Inna

Assalamu alaikum Inna. Ya ƙafar taki? Ni lafiya lau, sanyin garin ne kawai har yau ban saba da shi ba.

Na turo naira dubu 150 ta hannun Yaya. Dubu 60 na makarantar Auta ne, sauran maganinki da hatsi. Kada a ba Kawu ko sisi, ko da kuka ya zo.

Inna, zancen da ake yi a unguwa ya iso ni, wai ba aikin gida ya kawo ni Masar ba. Ni da sai ranar Juma'a nake leƙa titi! Daren da na ji ban runtsa ba. Da safe tsohuwar da nake jinya ta ga idona a kumbure, na faɗa mata da guntun Larabcina. Sai ta nuna min talabijin. Kullum aikinta ke nan, kallon tsofaffin finafinan wata Laila Murad, marasa kala. Ita da bakinta take waƙar a fim, ba irin namu da wata ke rerawa wata na motsa baki ba. Muryar kuwa, ko ba ki jin Larabci sai jikinki ya mutu.

Mahaifinta mawaƙi ne, Bayahude. Babban mawaƙin nan Abdulwahab ya fito da ita a fim ɗinsa a 1938, daga baya ta auri jarumi Anwar Wajdi, ta musulunta. Duk da haka a 1952 aka yaɗa wai ta ba Isra'ila kuɗi, har Siriya ta hana sa waƙoƙinta. Hukuma ta bincika, aka tarar ƙarya ce. A 1955 ta bar fim, ba ta kai shekara 40 ba, ta shige gida har ta rasu a 1995. Tsohuwar ta rantse ƙazafin ne ya karya mata zuciya.

Ita hukuma ta wanke ta, ni ke kaɗai gare ni. Ki je wurin Goggo da kanki, na san daga ɗakinta maganar ta fito. Ki tambaye ta kwanon da ke kan ɗakin nan gumin wa ne. A'a, bar wannan, kada a ce na yi gori.

Ki yafe min rashin zuwa bikin Yaya, abin na cina. In an samu mai tahowa a aiko min da kuka da daddawa. Maganar Kawu kuma, ko sisi.

’Yarki.