"An Ɗauke Ni Aiki": Wane Irin Ɗauka?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Na yi shekara 27 ina aikin tafinta a kotu. Da na yi ritaya sai na koma zama a shagon ɗana na buga takardu a Tudun Wadan Zariya, inda matasa ke zuwa cike fom ta intanet. Kusan kowane mako sai wani ya shigo fuska cike da fara'a ya ce, "Baba, an ɗauke ni aiki." Ni kuwa sai gabana ya faɗi, in ce masa ya miƙo takardar tukuna.

A bara ɗan ƙanwata ya samu takarda daga wani kamfani a Kaduna. Uwarsa ta yi waina ta raba wa maƙwabta, magabata har sun je neman a sa ranar aurensa. Ba a nuna mini takardar ba sai bayan wata 11, ranar da ya je aiki mai gadi ya ce masa babu sunansa a jerin masu shiga. Da na karanta sai na ga an rubuta "engaged" a matsayin "casual staff", wato ma'aikacin wucin gadi, na wata shida, a sabunta idan an ga dama. Sunan da ke saman takardar ma ba na kamfanin da yake wa aiki ba ne, na wani ɗan kwangila ne mai kawo musu ma'aikata. Yaron ya gama difloma, yana jin Turanci. Amma da idonsa ya faɗa kan adadin kuɗin wata, sai zuciyarsa ta fassara sauran da kalma ɗaya: ɗauka. Ya fito ba sallama, ba ko sisi, auren ma aka ɗaga.

Mu a Hausa ɗauka ɗaya ce. Bature kuwa ya rarraba ta hawa-hawa, kuma kowane hawa da haƙƙinsa. "Shortlisted" na nufin sunanka ya fito cikin waɗanda za a tantance, ba a yi maka alkawarin komai ba. "Offer" tayi ne, sai ka rubuta ka karɓa cikin wa'adin da aka ba ka, in ba haka ba ya wuce. "Appointment" shi ne naɗin, amma shi ma yakan zo da "probation", wato zaman gwaji, wanda a aikin gwamnati shekara biyu ne kafin a tabbatar da mutum. Da aka fara shirin N-Power a 2016, "volunteers" aka kira matasan, masu sa kai ke nan, kuma naira 30,000 da ake ba su a wata "stipend" ce, ɗan alawus, ba albashi ba. A unguwa kuwa cewa ake yi wane ya samu aikin gwamnati. Da aka sallami rukunin farko da na biyu a 2020, da yawa sun ji kamar korarsu aka yi daga kujerar da suka ɗauka tasu ce har fansho.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, ba yau muka fara hulɗa da waɗannan kalmomi ba, kuma iyayenmu sun fi mu iya sarrafa su. Kurtu daga "recruit" ya fito. Haya daga "hire". Lebura, kwangila, rajista, duk aro ne da aka tanƙwara har suka zauna daram a bakinmu. Barikin horar da kuratan soja na nan Zariya tun 1924 yake, kuma kakana ta nan ya bi aka kai shi ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu. Bai san ko bihim da boko ba, amma ya san bambancin wanda ya kai kansa aka rubuta shi da wanda sarki ya ba da shi ala tilas. A yau yaro zai ga sunansa a jerin tantancewa ya fara aske kai yana sallama da abokai, alhali akwai gwajin lafiya da na gudu a gabansa, kuma "enlist" na kurtu daban yake da "commission" na hafsan da ya fito daga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna.

Kuma ba wai Hausa ta rasa kalmomi ba ne. Manomi ya san ƙwadago na yini, ya san jinga, ya san barantaka. Babu wanda zai ba da jingar noma bai faɗi iyakar gona da kuɗinta a gaban shaidu ba. Sai an zo kan takardar bature ne muke yin sakaci.

Sakaci da kalmar "yarda" ya fi na kalmar "ɗauka" haɗari. A kotu na sha fassara wa dattijo hukuncin da zai raba shi da gidansa, yana rantsuwa da Allah shi shaida kawai ya sa hannu. Gaskiya yake faɗa iyakar saninsa. Amma layin da ya dangwala yatsa a kai "guarantor" aka rubuta, ba "witness" ba. Shaida ya gani ne kawai. Mai lamuni kuwa shi zai biya idan mai bashi ya gudu. Har gobe ina tuna yadda wani ya riƙe mini hannun riga yana cewa, "Malam, sake gaya wa alƙali, wataƙila bai ji ba." Alƙali ya ji, takarda ce ta riga ta yi magana. Yanzu abin ya koma cikin waya. Manhajar ba da rance za ta nuna maka "I agree", ka latsa, ashe ka ba ta izinin kwashe lambobin duk mutanen da ke wayarka, ranar da ka makara da biya surukinka ma sai an tura masa saƙo.

Akwai dokar da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. Sashe na 7 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayani kafin cikar wata uku da fara aiki: irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, wa'adin sanarwa kafin sallama, da ranar ƙarewa idan aikin na ƙayyadadden lokaci ne. Da wuya in sami matashi ɗaya a shagonmu da ya taɓa jin wannan.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka ware ɗan gurbi kowane mako, ko da rabin shafi ne, a ɗauki kalma ɗaya daga cikin irin waɗannan a warware ta da Hausa, tare da misalin takardar da ake samunta a ciki. Kuma idan za ku fassara sanarwar neman ma'aikata, don Allah a daina rubuta "za a ɗauki mutum dubu" kawai. A faɗa mana na dindindin ne, ko na kwantiragi, ko na wucin gadi, ko sa kai. Ina da littafin da na riƙa rubuta irin waɗannan kalmomi tun ina kotu, sun haura 200, kowace da shari'ar da na tsince ta a ciki ba tare da sunan kowa ba. Idan kuna so, zan aiko muku da shi kyauta.

Wassalam.

Naka,
Tsohon tafinta,
Tudun Wada, Zariya.